Jirgin Tururi a Kan Tsauni Lokacin Fari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗarin Gobarar Daji

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan dawowa a bakin fasinjoji, da ma'aikatan jirgi, da mutanen da gidajensu ke gefen dogo, duk shekarar da fari ya tsananta a tsaunukan San Juan na kudu maso yammacin jihar Kolorado ta Amurka. Yawancin misalan daga layin Durango zuwa Silverton suke, domin shi ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa, sai kuma maƙwabcinsa, Cumbres & Toltec.

Wane irin jirgi ake magana a kai, kuma me ya sa har yanzu yake aiki?

Jirgin ƙasa ne na zamanin kakanni, mai tafiya da ƙarfin tururi, wanda aka bar shi yana aiki don masu yawon buɗe ido bayan kasuwancin da aka gina shi dominsa ya mutu. Kamfanin Denver & Rio Grande ne ya shimfiɗa layin, ya isa Silverton a 1882, don kwaso azurfa da zinariya daga ramukan haƙar ma'adinai. Tsawonsa kimanin kilomita 72, yana bin kogin Animas daga Durango, mai tsayin kusan mita 2,000 daga gaɓar teku, ya hau zuwa Silverton, mai tsayin sama da mita 2,800. Dogon siriri ne, faɗinsa ƙafa uku kacal, saboda siririn layi ya fi iya karkacewa a jikin dutse kuma ya fi arha. Wanda ya san labarin tsohon ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da Bukuru, da aka gina don kuza aka rufe a 1957, ya san irin wannan dabara. Bambancin kawai shi ne na Kolorado bai mutu ba. A 1961 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Kawunan jirgin masu tururi da ke jan taragun yau an ƙera su ne tun shekarun 1920. Tafiya ɗaya tana cin awa uku da rabi, domin jirgin ba ya wuce kilomita 29 a awa.

Ta yaya jirgi zai tayar da gobara alhali yana kan dogonsa?

Ta bututun hayaƙi. Tururin da ya gama tura ƙafafun jirgi ana sako shi ne ta ƙarƙashin bututun, shi kuma sai ya jawo iska da ƙarfi ta cikin murhu, kamar yadda zugazugin maƙeri ke yi. Wannan jan iskar ne ke hura wutar, amma shi ne kuma ke tsinko ƙananan gutsattsarin kwal masu ci, ya watsa su sama. Duk lokacin da jirgi ke hawan tudu da kaya, direba ya buɗe tururi, mai zuba kwal yana ta aikin shebur, jan iskar yakan ƙaru, garwashin da ke fita ma haka. Fasinjan da ya zauna a buɗaɗɗen tarago a zamanin kwal ya san abin: baƙin tsakuwa mai ɗumi na sauka a kafaɗa, wani lokaci ya faɗa ido. Mafi yawansu sun mutu kafin su taɓa ƙasa. Guda ɗaya da bai mutu ba, ya faɗa busasshiyar ciyawa, ya isa.

Akwai hanyoyi biyu kuma da ba a cika tunawa da su ba. Toka mai zafi na iya zubowa daga kaskon da ke ƙarƙashin murhu idan ƙofarsa ba ta rufu da kyau ba, sannan birkin ƙarfe da ke gogar ƙafar ƙarfe a dogon gangare yana fitar da tartsatsi. Wannan na ƙarshen ba ruwansa da irin makamashin da jirgi ke ƙonawa. Duba amsar tambayar ko baƙin mai ya kawar da haɗarin.

Ai jirgin ya fi shekara ɗari yana wucewa ta dajin nan. Me ya canja?

Dajin ne ya canja, ba jirgin ba. Ƙananan gobara a gefen dogo tsoffin abubuwa ne, kuma ma'aikata sun saba kashe su tun suna tashi. Amma a wannan yanki rumbun ruwa shi ne dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kan tsaunuka lokacin hunturu, tana narkewa a hankali tana jiƙa ƙasa har cikin watan Yuni. Idan ƙanƙarar ta yi ƙaranci, ko ta narke da wuri, sai a samu wani mummunan tsakani daga Mayu zuwa farkon Yuli: ƙasa ta bushe, iska na kaɗawa, ruwan damina kuma, wanda yakan zo musu daga kudu cikin Yuli, bai iso ba. Wannan tsakanin ya yi daidai da buɗe kakar yawon buɗe ido.

Tun shekarar 2000 kudu maso yammacin Amurka ke cikin dogon fari. Wani nazari da aka buga a 2022, wanda ya karanta zoben da ke cikin kututturan itatuwa, ya nuna cewa shekaru 22 ɗin daga 2000 zuwa 2021 su ne mafi bushewa a yankin cikin kimanin shekara 1,200. Ƙari a kan haka, shekaru masu yawa na kashe duk wata wuta da ta tashi sun sa itace da ganye sun taru a ƙasa, ƙwari masu cin ɓawo sun kashe itatuwa da dama a saman tsaunuka, mutane kuma sun gina gidaje har cikin daji. Sannan wuta a jikin tudu gudu take yi, domin zafinta na gasa abin da ke samanta tun kafin ta kai gare shi.

Me ya faru a 2018?

Hunturun da ya gabaci shekarar bai kawo ƙanƙarar kirki ba, yankin na cikin matakin fari mafi muni a ma'aunin hukuma, kuma an riga an taƙaita kunna wuta a daji. Da safiyar 1 ga Yuni wuta ta tashi a gefen dogo a tudun Shalona, kimanin kilomita 16 arewa da Durango, daidai inda jirgi ke hawa da ƙarfi. Mazauna wurin sun ce sun ga hayaƙin jim kaɗan bayan wucewar jirgin safe. Aka sa mata suna Gobarar 416, daga lambar da rahotonta ya samu a rajistar hukuma.

Ta cinye kimanin hekta 22,000, galibi a Dajin Ƙasa na San Juan. An kwashe mutane daga gidaje sama da dubu, an rufe babbar hanya mai lamba 550 a wasu lokuta, kuma a ranar 12 ga Yuni hukumar gandun daji ta rufe dajin baki ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a tarihinsa. Abin godiya shi ne 'yan kwana-kwana sun tsare gidajen, ba wanda ya ƙone. Jirgin kuwa ya yi kimanin kwana 40 a tsaye, a tsakiyar kakar da ya fi samun kuɗi. Sai dai wahalar ba ta ƙare da mutuwar wutar ba. Duba amsa ta ƙarshe.

An tabbatar cewa jirgin ne ya jawo ta?

Masu binciken gwamnatin tarayya sun ce garwashi ne daga bututun hayaƙin kan jirgi mai ƙona kwal. A 2019 gwamnati ta maka kamfanin a kotu tana neman kusan dala miliyan 25, kuɗin kashe wutar da gyaran ɓarna. Wasu mazauna yankin da 'yan kasuwa ma sun shigar da tasu ƙarar daban. Kamfanin ya musanta, kuma ba a kai ga hukuncin alƙali ba: a watan Maris na 2022 aka yi sulhu a kan dala miliyan 20, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

A ganina kuɗin ba su ne suka fi muhimmanci a sulhun ba. Sharuɗɗan aiki ne. An ɗaure kamfanin da rubutaccen tsarin rigakafin gobara, wanda ya haɗa da daina fitar da kan jirgi mai kwal idan haɗari ya hau. Abin da a da yake hannun manaja shi kaɗai, ya duba sama ya duba littafin tikiti ya yanke, yanzu ya zama ƙa'ida a rubuce wadda wani na waje ke iya bincikawa.

Waɗanne matakai ake ɗauka kullum kafin jirgi ya tashi da bayan ya wuce?

Na farko a jikin kan jirgin suke. Ana sa ragar ƙarfe a cikin akwatin hayaƙi da kuma bakin bututu don ta tare manyan garwashi, wasu kuma sukan ƙara 'yan famfuna masu fesa ruwa a bakin bututun. Ragar na da iyaka: idan ramukanta suka yi ƙanƙanta ƙwarai sai ta toshe, wuta ta shaƙe, tururi ya faɗi, jirgi ya kasa hawa. Saboda haka ba ragar da ke tare komai, kuma dole a duba ta kullum, domin 'yar yagewa kamar tafin hannu ta isa ta mayar da ita banza.

Na biyu su ne masu bin sawu. Wata 'yar motar dogo, ɗauke da tankin ruwa da famfo da shebur, tana bin jirgi a baya da tazarar mintuna. Aikin mutanen cikinta kallo ne: idonsu na kan ciyawar gefe, suna neman siririn farin hayaƙin da bai fi na sigari ba. Da sun gani sai su tsaya, su jiƙa wurin, su tona ƙasar da shebur, su taɓa da bayan hannu don su ji ko da sauran zafi, su sanar ta rediyo. A ranakun da suka fi bushewa akan ƙara mota ta biyu a can baya, domin wani garwashin yakan yi kwanton ɓauna cikin ruɓaɓɓen ganye na tsawon lokaci kafin ya nuna kansa. Akan haɗa da taragon tanki mai fesa ruwa a gefen dogo, sannan layin Durango ya daɗe yana hayar jirgi mai saukar ungulu da ke ɗaukar bokitin ruwa.

Na uku shi ne aikin da ba wanda ke ɗaukarsa hoto: sassabe. Sare ƙirare da ciyayi a ɓangarorin dogo biyu, kwashe su, a sake dawowa baɗi. Duk da haka, a tuna cewa galibin waɗannan matakan suna nan kafin 2018. Suna rage yawan gobara sosai, amma a ranar da iska da bushewa suka haɗu, wuta na iya tsere wa motar da ke mintuna kaɗan a bayanta.

Wa ke da ikon cewa yau jirgi ba zai tashi ba?

Hannu uku ne a ciki. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da gargaɗin da suke kira jar tuta, idan ta hango iska mai ƙarfi da ƙarancin laima a kan busasshen daji. Ita gargaɗi kawai take yi. Hukumar gandun daji da ƙananan hukumomi su ke da dokar taƙaita wuta, mai mataki uku: na farko ya hana kunna wuta sai a wuraren da aka tanada, na biyu ya hana kusan kowace irin buɗaɗɗiyar wuta ya kuma tsaurara wa injuna, na uku ya rufe dajin ga kowa. Hannu na uku shi ne kamfanin kansa, wanda ke da 'yancin ya tsaya tun kafin a tsayar da shi.

A nan ne gaskiyar tafiyar da irin wannan layi take. Mutum ɗari huɗu sun sayi tikiti tun watanni, wasu sun zo daga wata nahiya, otal-otal sun cika, kan jirgi na ta huci a tasha tun asuba. Cewa "ba za mu tafi ba" a irin wannan safiya abu ne mai ɗaci, kuma wanda ya faɗa ba zai taɓa iya nuna gobarar da ya hana ba. Shi ya sa nake goyon bayan a ajiye ma'aunin tun cikin hunturu, lokacin da hankali ke kwance: idan iska ta kai kaza, laima ta faɗi ƙasa da kaza, bushewar itace ta kai kaza, kwal ba zai fita ba, idan ta wuce nan, ba abin da zai fita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma sai an amince da hakan tun kafin makaɗi ya ɗauki ganga.

Yaya ake mayar da kan jirgi mai kwal ya koma ƙona mai?

Tukunyar tururi da silinda da ƙafafu duk suna nan yadda suke. Murhun ne ake canjawa. Ana cire ƙarafan da kwal ke kwanciya a kai da kaskon toka, a sa kaskon ƙarfe da aka jera wa bulo mai jure wuta, a kafa bakin feshi wanda ke amfani da tururi ya tarwatsa man ya zama kamar hazo, shi ne ke kamawa. A taragon da ke bayan kan jirgi, inda ake tara kwal, sai a zaunar da tankin mai. Mai hura wuta ya ajiye shebur, ya koma riƙe da makunnai, yana daidaita mai da iska da duk motsin da direba ya yi, idonsa na kan launin hayaƙi.

Layin Durango ya fara da aron wani kan jirgi mai ƙona mai daga Kalifoniya don ma'aikata su koyi hannu, sannan ya gyara nasa mai lamba 493, wanda ya fara aiki da mai a 2020. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har zuwa Maris na 2024, lokacin da mai lamba 481 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe da kwal. Man da suke ƙonawa baƙin mai ne, wato tsohon man inji da aka tattara aka sake tacewa.

To baƙin mai ya kawar da haɗarin ke nan?

Ya rage shi ƙwarai, domin babu sauran dunƙulen kwal da zai tashi yana ci, babu kuma toka mai zafi. Amma bai share shi ba. Wutar mai tana tara kunkunniya a cikin bututan tukunya, kuma hanyar wanke su ita ce mai hura wuta ya zuba yashi ta ƙofar murhu lokacin da jirgi ke aiki da ƙarfi, yashin ya kankare ta ya fita da ita ta sama. Abin da ke fita a lokacin na iya zama da zafi, don haka akan zaɓi wurin yin hakan, ba a tsakiyar busasshen daji ba. Gutsuren bulo ko dunƙulen gawayin da ya daskare a murhu shi ma na iya ɓallewa. Tartsatsin birki na nan, haka guntun sigarin fasinja. Hatta injin dizal da ya tara datti a bututunsa yana tofar da wuta.

Saboda haka layin da ya koma mai sannan ya sallami masu bin sawu ya yi babban kuskure. Duba amsar matakan kullum.

Barin kwal bai lalata tarihin da ake cewa ana adanawa ba?

Akwai asara, kuma bai kamata a raina masu jin ciwonta ba. Tafiya ɗaya zuwa Silverton da dawowa takan ci kimanin tan shida na kwal, kuma mutum ɗaya ne ke zuba shi da shebur, yana jefa kowane cokali inda wuta ta yi rauni, a kan dandamalin da ke girgiza, cikin zafi. Wannan sana'a ce da ake koyo daga hannu zuwa hannu, kuma idan aka daina yin ta, littafi ba zai riƙe ta ba. Ƙamshin hayaƙin ma daban ne.

Duk da haka ni dai ina tare da waɗanda suka canja. Ƙona mai ba baƙon abu ba ne a tarihin jiragen tururi. Manyan layukan Kalifoniya sun koma mai tun farkon ƙarni na 20. Kuma abin da fasinja ya zo gani bai tsaya ga murhu ba. Ya zo ne ya ji kukan tururi a kwazazzabo, ya leƙa kogin Animas daga kan siririn gefen dutsen da aka sassaƙa wa dogo, ya wuce cikin koren daji. Gobara ɗaya irin ta 2018 na iya mayar da wannan dajin baƙaƙen kututture na shekaru masu yawa, ta biyu kuma na iya sa kamfanin inshora ya janye hannu, a rufe layin gaba ɗaya.

Me ya sa ba za a koma dizal kawai a huta ba?

Ana amfani da shi. Bayan 2018 layin Durango ya sayo kawunan dizal masu dacewa da siririn dogo daga layin White Pass & Yukon na Alaska, kuma su ne madogara a ranakun da tururi bai dace ba. Amma mutane da yawa tururin suka biyo, kuma kan jirgin tururi da aka ajiye a rumfa yakan lalace, masu iya gyaransa su watse. Dizal maganin rana ɗaya ne ko mako ɗaya.

Jirgin tururi na shan ruwa da yawa. Fari bai taɓa wannan ba?

Yana taɓawa. Tafiya da dawowa tsakanin Durango da Silverton na shan kimanin lita 38,000, kuma komawa baƙin mai bai rage ko ɗigo ba, tunda tururin da ya fita ta bututu ya tafi ke nan. Tankin jirgi ba ya ɗaukar wannan adadi a tashi ɗaya, shi ya sa ake tsayawa a tankunan kan hanya, waɗanda ƙoramu da maɓuɓɓugan tsauni ke cikawa. Idan ƙorama ta ja baya, dole a kawo ruwa da taragon tanki, ga shi kuma masu fesa gefen dogo da masu bin sawu daga rijiya ɗaya suke ɗiba. Direba ba ya wasa da wannan lissafi, domin idan ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, ƙarfen yakan yi laushi, tukunya ta iya fashewa.

Idan an tsayar da jirgi, wa ke asara?

Kamfani na asarar tikiti, ma'aikatan kaka kuma sukan zauna ba albashi. Amma Silverton ce ta fi jin jiki. Gari ne na mutum ɗari shida zuwa bakwai, kuma masu gidajen abinci da shagunan tsaraba a can rayuwarsu ta shekara na rataye ne a kan sa'o'i biyun da fasinjoji ke yi a garin kowace rana ta bazara. A 2018 jirgi ya tsaya, hanyar mota na buɗewa tana rufewa, hayaƙi ya kori sauran baƙi. Gaba kura, baya siyaki: mutanen da suka fi buƙatar jirgi ya yi ta zuwa su ne kuma suka fi cutuwa idan ya tayar da wuta.

Ba ranar aka fara ba. A 2002 Gobarar Missionary Ridge, wadda ba jirgi ne ya jawo ta ba, ta ƙone kusan hekta 30,000 da gidaje fiye da 50 kusa da Durango, kuma ita ma ta dakatar da zirga-zirgar jirgin. Wanda ya kwatanta asarar kwana uku na tsayawar ganin dama da ta kwana arba'in na tsayawar dole, lissafin ba ya buƙatar dogon bayani.

Yaya sauran layuka irin wannan suke yi?

Mafi kusa shi ne Cumbres & Toltec, ɗan'uwan layin Durango daga tsatso ɗaya, mai tsawon kilomita 103 tsakanin Chama ta New Mexico da Antonito ta Kolorado, yana tsallake mashigar Cumbres a tsayin sama da mita 3,000. Jihohin biyu ne suka mallake shi tun 1970. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: su ma sun fara mayar da wasu kawunansu zuwa mai, suka soma da mai lamba 489, amma suka riƙe kwal a wasu. A 2022, shekarar da New Mexico ta ga gobara mafi girma a tarihinta, sun ɗage buɗe kakarsu daga Yuni zuwa 1 ga Yuli suna jiran ruwa ya sauka. Sun san zafin wuta da kansu, domin a 2010 gobara ta lalata gadar Lobato kusa da Chama, ta yanke layin na tsawon lokaci.

A wasu ƙasashe ma labarin ɗaya ne da ɗan bambanci. Layin Ffestiniog na Wales ya koma mai a shekarun 1970 saboda gandun itatuwan da yake ratsawa, daga baya tsadar mai ta mayar da shi kwal. Puffing Billy da ke tsaunukan kusa da Melbourne a Ostireliya ba ya fitar da tururi a ranar da hukuma ta haramta kunna wuta baki ɗaya.

Ni fasinja ne. Me ya kamata in sani?

Idan kana da zaɓi, Satumba ta fi Yuni kwanciyar hankali, domin damina ta riga ta jiƙa ƙasa. Kafin ka biya, tambayi abin da za a yi da kuɗinka idan an soke tafiya ko an sauya tururi da dizal, kuma ka sake dubawa a daren tafiyar. Kada ka sha taba, kada ka jefa komai ta taga. Idan ka hango hayaƙi a gefen dogo, gaya wa kwandasta nan take, ko da kana zaton wani ya riga ka. Wani dogon sashe na kwazazzabon Animas ba hanyar mota ko kaɗan, dogon ne kawai mashiga da mafita, don haka in aka ce jirgi zai juya ko a koma da ku da bas, bi umarnin ma'aikata. Masu sauka a Needleton ko Elk Park don shiga daji da ƙafa su tanadi hanyar fita ta biyu, saboda jirgin da suke sa ran zai ɗauke su na iya rashin zuwa.

Idan kuma aka ce maka yau babu tafiya, ka yi wa mai sayar da tikiti magana mai daɗi. Ba ita ta yanke ba, kuma wanda ya yanke ya yi daidai.

Da zarar wuta ta mutu, shi ke nan an koma aiki?

A'a. A tsauni, abin da ke biyo bayan gobara ruwa ne. Wuta mai zafi tana cinye saiwoyi da ganyen da ke riƙe ƙasa, tana kuma barin wani shimfiɗi mai kama da kakin zuma a ƙarƙashin toka, wanda ruwa ba ya ratsawa. Ruwan sama na rabin awa, wanda a da daji zai shanye, sai ya gangaro gaba ɗaya, ya kwaso toka da laka da duwatsu da kututture, ya bi kwari da ƙarfin da ke ture mota. Ruwan daminar da kowa ke addu'ar zuwansa don ya kashe wutar, shi ne ke kawo wannan.

Haka ta faru a Yulin 2018. Jirgi bai daɗe da komawa aiki ba sai laka ta gangaro daga wuraren da suka ƙone a arewacin Durango, ta shiga gidajen da wuta ta bari, ta rufe hanya, ta lalata wani sashe na dogo. Kamfanin ya koma kwasar fasinjoji da bas zuwa tashar Rockwood, su hau jirgi daga can, har aka gama gyara. Tokar da ta kwarara cikin Animas ta kashe kifaye masu yawa. Wannan haɗarin yakan ɗauki shekaru kafin ciyayi su sake riƙe ƙasa, saboda haka a duk tsawon lokacin mai duba dogo na fita gaban jirgi bayan kowane ruwa, ana yashe magudanan da ke ƙarƙashin layi tun kafin Yuli, kuma mai kula da zirga-zirga yana bin gargaɗin ambaliya kamar yadda yake bin na jar tuta.